Kwas ɗin CFI na sati biyu: me ya kamata in gama kafin in tafi?

Sadauki_172:

Salam jama'a. Dan Allah ina neman shawarar manyanmu da suka riga suka yi CFI, wato lasisin malamin koyar da tuƙin jirgi, a nan Amurka. Na gama kwamashal ɗina, wato lasisin tuƙin jirgi na kasuwanci, na inji ɗaya a Texas kwanan nan, instrumen kuma, wato tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, tun bara na yi shi, awoyina sun ɗan haura 250, to kun dai san labarin, da wannan awoyin ba mai ɗaukarka aiki, kamfanonin jirage sai ka kai 1,500 kafin su ma kalli takardarka, hanyar da kowa ke bi ita ce koyarwa. Makarantar da na yi karatu suna da kwas ɗin malanta amma a hankali suke yinsa, wasu sai su shafe watanni suna abu ɗaya, ni kuma kuɗin haya da abinci kaɗai sun isa su cinye ɗan abin da ya rage min. Shi ne na ba da kafin alƙalami a wata makaranta a Florida masu yin na gaggawa, sati biyu da 'yan kwanaki, safe zuwa yamma kullum har da Asabar. Saura kamar wata biyu in tafi.

Takardar da suka turo min ta ce in zo da sakamakon jarrabawar FOI ta dabarun koyarwa da FIA ta ilimin jirgi a hannu, in zo da lesin filan ɗina, wato tsarin darussan da zan koyar, sannan wai in zo a shirye. To wannan a shiryen ne ban gane iyakarsa ba wallahi. Lesin filan ɗin nan saye zan yi a intanet ko sai na zauna na rubuta da kaina, dan na ga abin ba kaɗan ba ne? Kujerar dama fa, inda malami ke zama, in kashe kuɗi in fara tashi daga can tun a nan ko in bari sai na je tunda ai abin da na biya su su koya min kenan? Sai sifin, wato jirgi ya riƙa juyawa yana faɗowa ƙasa, gaskiya ba zan ɓoye muku ba gabana yana faɗuwa in na tuna shi, ko sitol ma, lokacin da fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ba wai daɗinsa nake ji ba. Na ƙarshe turancina, ina magana da tawa lafiya lau ba matsala amma in tsaya gaban allo awa biyu ina yi wa Ba'amurke bayani wani abu ne daban. Allah ya saka da alheri.

Kyaftin_Bazazzage:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Bari in fara da abin da mai amsa waya a makarantar ba zai gaya maka ba. Sati biyun nan ba karatu za a koya maka a ciki ba, gyaran fuska kawai za a yi wa abin da ka zo da shi, a sa maka hannu a logbuk, a miƙa ka ga DPE, wato mai jarrabawar da FAA, hukumar jiragen saman Amurka, ta naɗa. Duk wanda ya je da niyyar can zai fara buɗe littafi shi ne za ka ji kwas ɗinsa na sati biyu ya koma wata da rabi, kowace rana ta ƙari kuma ga kuɗin masauki ga kuɗin malami. Ba a fafe gora ranar tafiya, wata biyun da ke hannunka yanzu su ne ainihin kwas ɗin.

Ka fara kawar da rubutattun jarrabawa a cikin sati uku na farko. FOI tambaya 50 ce, FIA 100, kowacce 70 ake nema, sakamakon kuma yana aiki wata 24. Amma kar ka kuskura ka nemi 70. Duk inda ka faɗi yana fitowa da lambarsa a jikin takardar sakamako, malaminka sai ya sa hannu cewa ya sake bin wuraren da kai, shi kuma DPE zai ɗauki takardar ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ranar jarrabawar baki. Mai 74 ya sayo wa kansa ƙarin zama ne kawai a kan kujera. In kana da rarar kuɗin jarrabawa ɗaya ka haɗa da AGI a satin da ka rubuta FIA, tambayoyin kusan daga tukunya ɗaya aka ɗebo su, ka samu lasisin koyar da darasin ƙasa a sauƙaƙe.

FOI ɗin nan yara suna raina ta, su haddace amsoshi a kwana uku su ci 90 su manta. To ranar cekrayid, wato jarrabawar ƙarshe ta baki da ta tuƙi, da ita ake buɗe fage. Kuma ba cewa zai yi lissafo min dokokin koyo guda shida ka zubo su kamar karatun allo ya ce madalla ba. Cewa zai yi, ɗalibinka ya yi mummunar sauka sau uku a jere, ya fito yana cewa iska ce, jiya ma ya ce taya ce ba iska, mene ne wannan kuma ya za ka yi da shi? Sai ka gane cewa kare kai yake yi, ka san yadda za ka nuna masa ba tare da ka karya masa gwiwa ba. Ko ya tambaye ka me ya sa abin da aka fara koya wa mutum yake da wuyar gogewa, ka ba shi misali daga jirgi ba daga littafi ba. Saboda haka Aviation Instructor's Handbook ka karanta shi daga bango zuwa bango, kowane babi ka tsaya ka tuno wani malami da ya taɓa koyar da kai, ina ya yi daidai ina ya kauce, a haka abin yake zama a kai.

Abu na biyu da yake kayar da mutane shi ne sashe na 61 na dokokin FAA da sa hannun logbuk. Ka buga AC 61-65 na baya-bayan nan, takardar FAA mai samfurin sa hannun, ka sa a fayil. Tambayar da kusan kowa ke samu ita ce, ga mutum ya shigo ofis bai taɓa taɓa jirgi ba, ɗauke shi ka kai min shi har ranar da zai karɓi lasisinsa na farko, me da me za ka rubuta masa kuma yaushe. Tun daga tabbatar da ko ɗan ƙasa ne saboda TSA, hukumar tsaron sufuri, kafin ma a tada inji, zuwa jarrabawar kafin solo, wato tashin ɗalibi shi kaɗai, ta 61.87 wadda kai malami kake tsarawa ka bi amsoshin da shi, zuwa izinin solo mai kwana 90, zuwa tafiya mai nisa shi kaɗai a 61.93 inda kowace tafiya sai an duba lissafinsa an sa hannu daban. Ka san awa 8 ce iyakar koyarwar sama a cikin awa 24, ka san shekara 3 za ka ajiye rikodin waɗanda ka sa wa hannu. Ba a hana ka buɗe littafi ba ranar, amma in kowace tambaya sai ka yi minti biyar kana juya shafi, shi ma yana gani.

Kuma ka lura, tun ƙarshen watan Mayu na 2024 sabon kundin ma'aunin jarrabawa, ACS, ake amfani da shi a jarrabawar CFI, an ajiye tsohon PTS. In wani aboki ya ba ka fayil ɗinsa na shekarun baya ka san tsarin ya ɗan canza. Haka daga Disamba 2024 sabon katin malami ba ya ɗauke da ranar ƙarewa, sai dai har yanzu duk wata 24 dole ka nuna ka sabunta, wannan ma suna son tambaya dan su ga ko kana bin abin da ake ciki.

Lesin filan kuwa ni ra'ayina ka rubuta da hannunka. Mu a Zariya lokacin da muke kan jirgin TB9 ba wanda ya san wani saye, rubutawa kake yi malami ya kekketa ka sake, kuma abin da na rubuta a lokacin har yau yana kaina.

Sannan gobe-goben nan ka kira makarantar ka yi musu tambaya biyu. Wane ne zai sa min hannu, kuma ya cika sharaɗin 61.195 na koyar da sabon malami? Sananniyar hanyar ita ce ya riƙe CFI wata 24 ya kuma koyar awa 200, ba kowane malami a makaranta ne ya kai ba, in mutum ɗaya ne gare su kuma ku shida ne a aji ka san layi za ka bi. Ta biyu, an kama min rana da DPE ko sai na gama za a fara nema? Wannan ita ce babbar. Na ga yara sun gama kwas tsaf an sa musu hannu, suka zauna sati uku huɗu suna jiran mai jarrabawa, hannu yana sanyi, kuɗi yana tafiya. Kuɗin DPE ɗin ma ka tambaya dan yawanci ba ya cikin farashin kwas, kuma na CFI na farko a wurare da yawa ya haura dala dubu tunda wuni guda yake cinyewa.

Hajara_CFII:

Yaya Kyaftin ya gama da ɓangaren takarda, ni bari in shiga cikin jirgi tunda shi nake yi kullum a nan Arizona. Amma kafin nan ranka ya daɗe a yi min afuwa, a maganar lesin filan ban bi ka ba gaba ɗaya. Yaron nan wata biyu gare shi, ga jarrabawa biyu ko uku, in ya ce daga farar takarda zai fara kowane darasi to zai ƙare yana gyaran rubutu da neman hotuna a kwamfuta har ranar tafiya bai buɗe baki ya koyar da ko ɗaya ba. Ni abin da nake gaya wa nawa shi ne ku saya ba laifi, amma ku ɗauke shi a matsayin ƙashi. Kowane darasi ka ajiye shi gefe da littattafan FAA, PHAK da Airplane Flying Handbook, ka tabbatar abin da ke ciki gaskiya ne dan akwai kurakurai a cikinsu, sannan ka matse shi ya dawo shafi ɗaya da kalmominka da zanen da za ka yi a allo. Wancan shafi ɗayan shi ne naka. DPE yana gane mai karanta rubutun wani tun a minti na farko, ido a kan takarda, murya ba hawa ba sauka, sai ya katse ka da me ya sa, shikenan an tsaya.

Ka sayi ƙaramin farin allo da maka da ɗan jirgin roba na yara. Ba wasa nake ba. Kullum da daddare ka koyar da darasi ɗaya da babbar murya, in ka samu mutum wanda bai san komai game da jirgi ba ya fi, abokin zamanka ko ƙanwarka ta bidiyo kol. In ka yi mata bayanin abin da ke sa jirgi ya karkata hagu lokacin tashi ta ce ban gane ba, to kai ne ba ka gane ba tukuna. Ka sa waya ta ɗauke ka, ka kalla. Ba daɗin kallo amma a nan za ka ga ka juya wa ɗalibi baya minti goma kana magana da allo.

Kujerar dama, eh ka fara tun yanzu, ko awa uku zuwa biyar ne tare da malami a jirgi irin wanda za ka yi kwas da shi. In Cessna 172 za su ba ka kar ka je ka yi a Piper. Ka tambaye su ma ko na gilashi ne mai G1000 ko mai tsofaffin agogo. Abin da zai ba ka mamaki shi ne tashin farko za ka ji kamar ba kai ne mai kwamashal ba. Hannun dama ya koma sitiyari, na hagu ya koma totur mai ba inji wuta, ƙwaƙwalwa kuma ta saba da akasin haka, sai ka zo sauka kana so ka ɗaga hanci ka ji hannun hagu ne yake ja. Layin tsakiyar ranwe kuma zai riƙa yi maka wayo, kai kana ganin jirgi a miƙe yake alhali hancinsa ya karkace, tayoyi su taɓa ƙasa ka ji ya fizga gefe. Maganinsa ka daina auna layin da tsinin firofela, ka sa layin ya shigo tsakanin ƙafafunka, idonka can ƙarshen ranwe. A kwana mai tsanani ma haka, daga hagu ka saba in ka kwanta hagu hanci kamar yana ɗagowa in ka kwanta dama kamar yana nutsewa, to yanzu ya juye, digiri 50 ɗin da kake yi ido rufe sai ka ga ƙafa ɗari ta tafi. Agogunan kuma a karkace kake kallonsu, allura ba ta nuna maka daidai inda take. Duk wannan yana wucewa cikin 'yan awoyi, amma gara ya wuce a Texas a kan farashin da ka saba da ya cinye maka kwana huɗu a cikin sha huɗu.

To babban aikin shi ne magana kana tuƙi. Duk abin da ka yi a cekrayid ɗin kwamashal za ka sake yi a ma'auni ɗaya, atisayen shandel, lezi eit, sauka ba wuta da kwanan 180 a cikin ƙafa 200 na wurin da ka nuna, sai dai yanzu bakinka ba zai yi shiru ba, kuma ba surutu ake so ba. Kafin hannu ya motsa baki ya faɗi abin da za a yi da inda ɗalibi zai kalla, gajeru-gajeru. Yawancin mutane in suka fara magana tsayi ya gudu, in suka kama tsayi magana ta ɗauke. Ka koya a mota. Kana tuƙi zuwa masallaci ko kanti ka riƙa faɗi a fili, yanzu zan duba madubi, na ga jar mota a baya, zan sa sigina, ina rage wuta saboda kaza. Mutane za su ɗauka waya kake yi. Sannan a gida ka zauna kan kujera ka rufe ido ka yi kowane atisaye da hannu da ƙafa da baki.

Takwas ɗin nan da ake zagaya alamomi biyu a ƙasa, ka iya lissafin tsayinsa a ka, gudun ƙasa a not ka ninka shi da kansa ka raba da 11.3, not 100 zai ba ka wajen ƙafa 885 sama da ƙasa, ka kuma iya bayanin me ya sa tsayin yake sauka in ka fuskanci iska. Akwai kuma sitol ɗin da ba ka taɓa yi ba a kwamashal waɗanda malami ke nunawa, na saɓa hannu da ƙafa, na tirim, da wanda yake biyo bayan na farko in an yi gaggawar ja. Na saɓa hannu da ƙafan nan ka san labarinsa sosai dan shi ne yake kashe mutane a kwanan ƙarshe kafin ranwe, mutum ya wuce layi, ya ƙi ƙara kwanciya, ya danna feda dan ya jawo hanci, ƙasa kuma tana kusa.

Wani abu da ba a faɗa a takardar talla, DPE zai zama ɗalibi, kuma ɗalibi mara ji. Zai ja sitiyari fiye da kima yana kallonka ta gefen ido, ko ya manta fedar dama a hawa, ko ya zo sauka da gudu. Yana so ya ga yaushe za ka gyara da baki, yaushe za ka karɓe jirgi. In ka karɓe da wuri kullum ba ka bar ɗalibi ya koya ba, in ka makara kuma an gama. Hannunka a kusa da totur, ƙafafu a saman feda ba tare da ka danna ba, kuma miƙa jirgi sau uku ake faɗa, kai ka faɗa, ya amsa, ka sake tabbatarwa, ka kuma kalli hannunsa.

Turanci kar ya dame ka, rabin malaman da ke filinmu ba a Amurka aka haife su ba. Ka rage gudu kawai. Abu ɗaya ne zan ja maka kunne a kai dan namu ne mu Hausawa, P da F. In ka ce wa ɗalibi full power ya ji pull power a lokacin da kuke fasa sauka, cire wuta zai yi a inda kake so ya danna duka. Ka zauna ka gyara waɗannan biyun, ko ka saba da cewa max power hannunka kuma yana bayan nasa.

Ɗan_Maraɗi:

Sannunku da hira. Ni a Faransa na yi nawa, can kwas ɗin FI, wato na malanta, awa 30 ne a sama da awa 125 a aji, shi ya sa in na ji sati biyu sai in riƙe baki, amma na gane ku a Amurka karatun ajin ne aka ɗora muku ku yi a gida. Kan sifin zan ce wani abu ɗan uwa. Tsoron da kake ji kowa ya ji shi, kuma mafi yawansa na rashin sani ne, juyi na hwarko ne kawai yake ɗauke numfashi, ƙasa ta cika gilashi tana juyawa, na biyu ka hwara ƙirga juyi, na uku kai ke bayani. In da hali kar ka bari sai cikin kwas, ka nemi malamin da aikinsa kenan mai jirgin Decathlon ko Citabria ka yi awa ɗaya ko biyu da shi. 172 ba ta son shiga sifin sosai, sau da yawa tana zamewa ta koma gangarowa da gudu, sai mutum ya samu sa hannu bai ga abin da kyau ba, ran da ɗalibi ya jefa shi ciki da gaske kuma ranar zai fara gani. Ka ci abinci kaɗan kahin ka tashi, kar ka tahi da ciki wayam kuma kar ka cika shi, citta tana taimakawa.

Hajara_CFII:

Gaskiya ne malam. In ƙara masa, sa hannun sifin na 61.183 wajibi ne kafin cekrayid, yawanci DPE yana karɓarsa ba sai kun yi a sama ba, amma in ka faɗi saboda sitol ko sifin to a maimaici dole ka kawo jirgin da aka yarda a yi sifin da shi ka nuna. A 172 sai tana cikin rukunin yutiliti, ba kowa a baya ba kaya, ka yi lissafin nauyi ka nuna masa. Zai tambaye ka laimar sauka fa, amsar tana 91.307, ba a buƙata in horon da doka ta wajabta ne tare da malami. Matakan fita kuma wuta a cire, sitiyari a tsakiya, feda kishiyar juyin har ƙasa, sannan a tura gaba, amma abin da littafin jirgin ya ce shi ne gaba da komai.

Baffa_Houston:

Ni ba matuƙi ba ne, ɗana ne ya yi wannan hanyar, amma ba wanda ya taɓo maganar takardu shi ya sa na sa baki. Yaro wace biza gare ka? In M-1 ce ka sani ba a canza makaranta da ita bayan wata shida na farko sai da dalili mai ƙarfi, kuma aikin da take bari bayan karatu bai wuce wata shida ba, wata ɗaya a kan kowane wata huɗu na karatu. F-1 ce take ba da OPT, izinin aiki bayan karatu, na wata 12. Kar ka zuba dala dubbai a CFI sannan ka gano ba ka da izinin karɓar albashi da shi. Ka je ofishin ɗaliban waje na makarantarku ka zauna da su kafin ka ƙara biyan ko sisi. In kuma gida kake nufin komawa ka koyar a Zariya ko Ilorin to wannan Kyaftin ya fi ni sani.

Sadauki_172:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baffa alhamdulillah ta wannan ɓangaren ba matsala, ina da girin kad ta wajen mahaifiyata. Ranka ya daɗe Kyaftin na kira su ɗazu, malamai biyu ne suke sa hannun CFI, mu huɗu ne a aji, amma maganar DPE sai matar ta ce wai suna da waɗanda suke aiki da su, in na kusa gamawa za a duba. Ban ji daɗin amsar ba. Anti Hajara na yi odar allo, na kuma kama 172 ranar Asabar da malamina na da, kujerar dama. Wani abu da na manta ban faɗa ba, da na duba kalanda satin ƙarshe na kwas ɗin da cekrayid ɗin kansa za su faɗo cikin azumi. Ya kuka yi da wannan?

Kyaftin_Bazazzage:

Za a duba ba amsa ba ce ƙanena. Ka rubuta musu imel ka ce kana son sunan DPE da rana a rubuce kafin ka biya sauran kuɗin, in sun kasa ka shiga shafin FAA na neman masu jarrabawa ka fara kiran na yankin da kanka, ka tabbatar wanda ka samu yana da izinin yin CFI na farko dan ba dukkansu ba ne. Ka nemi rana kamar kwana biyu ko uku bayan ƙarshen kwas saboda yanayi, Florida hadari ba ya sallama.

Maganar gida da Baffa ya taɓo, lasisin FAA ba ya ba ka damar shiga aji a Najeriya kai tsaye, sai NCAA, hukumar jiragen saman Najeriya, ta juya maka shi zuwa nata da sharuɗɗanta, amma wannan ka bar shi sai ka tara awoyi.

Azumi kuma, hukuncin matafiyi ka tambayi malamin masallacinku, ni ba nawa ba ne. Abin da na sani shi ne 172 ba ta da AC, kana magana ba tsayawa na awa ɗaya da rabi a cikin zafi, tashi biyu a rana, ga aji a tsakani, ga karatun dare bayan tarawi, barci ba zai ishe ka ba. Jarrabawar bakin kaɗai tana iya cin awa huɗu zuwa shida kafin a je jirgi, wato lokacin da za ka yi sauka ba wuta la'asar ta kusa, maƙogwaro ya bushe. Kuma kai ne za ka tsaya gabansa ka koyar da IMSAFE, jerin duba lafiyar matuƙi kafin tashi, da illar ƙarancin ruwa a jiki. Ni da ni ne zan tambaye su ko akwai gurbi a ajin da ke gaba da naka ko na bayan salla. Na bayan sallan ya fi ma, ka samu ƙarin sati huɗu na lesin filan. In sun ce ba a canzawa, ka roƙi a sa maka tashinka duka da sassafe bayan sahur, ka kuma tambayi DPE tun a waya ko zai yarda a raba, baki rana ɗaya jirgi washegari da safe.

Hajara_CFII:

Ranar Asabar ɗin ka ce wa malamin naka kar ya yi maka shiru yana kallo, ya zama ɗalibi tun daga duba jirgi a ƙasa, ya tambaye ka mene ne wannan ƙaramin ramin a gefen jirgi, me ya sa man shuɗi ne, eriyar nan ta mece ce. Ka turo min shafi ɗaya na darasin sitol ta inbok in ka gama matse shi in duba maka kafin ka yi sauran.